Gidan Agogon Ƙararrawa

Jama'a, karatunmu na yau a kan agogo ne. Ba na hannu ba, ba kuwa na bango ba. Agogon tebur muke nufi, mai ƙararrawa, wanda ake yi wa wani da hannu. Galibinmu mun san shi. Wani ya gaje shi wurin mahaifinsa. Wani ya tashi ya gan shi a ɗakin uwarsa, kusa da jeren kwanoni. Wani kuwa a gwanjo ya saya.

Kalmar nan agogo daga Yarbanci muka aro ta. Can ma'anarta ta fari ƙararrawa ce. Ashe tun daga sunan an haɗa agogo da tā da mutane.

Mu mutanen Darki ba sai an gaya mana amfanin sammako ba. Ran kasuwarmu, wanda ya makara sai ya tarar an kama wuri mai kyau, 'yan sari kuma sun gama ciniki da waɗanda suka riga shi. Ran Jumma'a, mai kai dabba kara a Wudil tun da duhu yake kama hanya. Da azumi kuwa, gidan da aka makara sahur kowa ya san yadda za a wuni. Zakara yana cara, ladan yana kira, amma mai nauyin barci sai an yi masa ƙara a kunne.

Wani zai ce, ai yanzu waya ta ɗauke wannan aiki. Gaskiya ne, ta ɗauke da yawa. Amma waya sai da caji, caji kuwa sai da wuta ko kuɗin mai caji. Agogon batir kuma, ran da batirin zai mutu ba ya sallama. Agogon wani ba ya cin kome, sai murzawar yatsa biyu kowane dare. Bukatarsa guda ce: a wanke shi, a sa masa mai, bayan 'yan shekaru. Wanki kuwa ba ya yiwuwa sai an buɗe shi. To, nan maganar gidansa ta shigo. Akwai agogon da aka yi gidansa don a buɗe a mayar. Akwai wanda aka yi don in ya tsaya a yar. A ido duk ɗaya suke. Nufinmu yau mu koyi rarrabe su, kada kuɗinmu ya tafi a banza.

Abin da ke ciki

Kafin mu duba gida, bari mu san mai gidan.

Cikin agogo akwai wani dogon ƙarfe, falale, siriri kamar tsiri, an naɗe shi kamar gammo. Shi ake kira sifirin. In kun yi wani, sifirin ɗin kuke ƙara naɗewa. Ƙas-ƙas ɗin da kuke ji, wani ɗan harshen ƙarfe ne ke faɗawa tsakanin haƙora, yana hana shi komawa baya. Da kun saki, sifirin zai so ya warware. Ƙarfin warwarewar nan shi ke tafiyad da agogo. Galibin irin waɗannan agogo wani ɗaya yana kai su wajen awa 30, watau kwana guda da ɗan ƙari. Shi ya sa ake yi musu wani kullum, a lokaci guda.

Sifirin yana tura ƙafa mai haƙora, ita kuma ta tura ta gaba, har zuwa ta ƙarshe. Masu gyara suna ce musu giya. Duk an jera su tsakanin faranti biyu na ƙarfe. Kowace giya tana bisa ɗan sanda, bakin sandan nan siriri ne kamar allura, yana juyawa cikin 'yar huda a jikin faranti. Ku riƙe maganar hudojin nan, za mu komo kansu.

Da babu abin da ke tare shi, da sifirin ya warware nan take, hannuwan agogo su yi ta gudu kamar fanka. Abin da ke tare shi wata 'yar ƙafa ce marar haƙora, mai kai da komowa. Ba ta zagayawa, sai ta je dama ta komo hagu. A jikinta akwai wani ɗan sifirin mai kama da gashi. Duk zuwa ɗaya, sai ta bar haƙori ya ɗan wuce. Shi ne cak-cak ɗin da kuke ji da dare.

Ku sa agogo a kunne ku ƙirga. A ce ya buga sau 3 cikin sakan ɗaya. Cikin minti ɗaya sau 180 ke nan. Cikin awa ɗaya 10,800. Cikin kwana ɗaya 259,200. Babu jaki, babu keke, babu injin niƙa a garin nan da ke aiki haka ba hutu.

Ƙararrawa kuma galibi da nata sifirin dabam, da 'yar gudumarta. Shi ya sa kuke ganin makullin wani biyu a baya: ɗaya na lokaci, ɗaya na ƙara.

Abin da ke kashe agogo a ƙasarmu

Ba safai ƙarfen agogo ke karyewa ba. In agogon wani ya tsaya, sau da yawa dauɗa ce kawai.

A cikin hudojin nan na faranti akwai ɗigon mai. Man nan yana bushewa, zafin bazara kuwa yana gaggauta bushewarsa. Sa'an nan hunturu ya zo da ƙura tasa, mai laushi kamar garin tuwo, wadda ke shiga har cikin akwati a kulle. Ga hayaƙin murhu, ga ƙurar sussuka da ta shiƙa da kaka. Ƙura ta haɗu da mai, ta zama kamar tokar da mata ke goge kwano da ita. Sandan giya yana juyawa cikin wannan dare da rana. Sannu sannu huda ta faɗaɗa, giya ta karkace, haƙora su daina haɗuwa daidai. Da fari agogo ya riƙa tsayawa kafin gari ya waye. Daga baya sai an girgiza shi, ko an kwantad da shi rub da ciki, kāna ya yi tafiya. Da damina kuma laima ta kawo tsatsa.

In an kai shi wurin mai gyara tun yana wannan 'yar gardama, wanki da mai sun isa. In an bari sai hudoji sun cinye, aikin ya zama babba.

Mu yi hattara da maganin gida. Man gyaɗa ba man agogo ba ne, yana daskarewa ya yi danƙo. Baƙin man mota ya yi kauri. Waɗansu suna tsoma agogo dungum cikin kananzir. Zai tashi, ya yi 'yan makonni, ya sake tsayawa, gama dauɗar ba ta fita ba, wuri kawai ta sake. Mai kuwa in ya taɓa ɗan sifirin nan mai kama da gashi, sai zagayensa su manne da juna, agogo ya riƙa gudu kamar an kore shi. Mai gyara na ƙwarai da bakin allura yake sa mai cikin huda. Ba ya sa wa haƙoran giya.

Yadda ake rufe gidan agogo

Ku tuna da rumbu. Maginin kirki yana yi masa baki da murfi. Murfin ya kama sosai, kada ruwa ko ɓera su shiga. Amma kuma ya buɗu ran da ake son hatsi. Rumbun da aka liƙe gaba ɗaya, sai an fasa shi. Wanda aka bari a buɗe kuwa, na ɓera ne. Gidan agogo ma haka: ana so ya hana ƙura, ana kuma so ya buɗu. Abu biyun nan suna jan juna, kowane maƙerin agogo da yadda ya raba musu gardama.

Hanya mafi kyau ita ce noti, watau ƙusa mai zare wadda ake murzawa. Noti yana matse murfi ƙam, ƙura ba ta samun hanya. Yaro ba ya buɗe shi da farce. Mai gyara kuwa da sukudireba guda ya kwance, ya gama aikinsa, ya mayar. Ko sau 20 aka buɗe, gidan yana nan yadda yake. A agogo da yawa ƙafafun da yake tsaye a kansu, da mariƙin da ke bisa, su ma noti ne. In an kwance su sai injin ya zaro duka.

Ko cikin masu noti akwai fifiko. Noti 3 ko 4 masu girma ɗaya sun fi 8 masu girma dabam dabam, domin ba a ruɗewa wajen mayarwa, in ɗaya ya ɓata kuma ana samun madadinsa. Noti mai tsaga guda a ka, ko mai tsagar gicciye, kowa yana da abin kwance shi. In babu, maƙeri ya ƙera. Amma akwai noti mai baƙon kai, wanda sai da makullin kamfaninsa. Wannan da shi da liƙewa duk ɗaya ne a wurinmu.

Hanya ta biyu murfi ne na turawa, kamar na gwangwani. Ana ɓamɓare shi da bakin wuƙa, a tura shi ya koma. Ba laifi, in kwanon yana da kauri. In marar kauri ne, kowace buɗewa sai bakinsa ya ɗan lanƙwashe, har ya bar kamawa.

Hanya ta uku ita ce ta 'yan kunnuwa. Ana yanke 'yan kunnuwa a jikin kwanon, a zura su cikin huda, a lanƙwasa. Kamfani yana son wannan, gama ba ta cin kuɗi, ba ta cin lokaci. Amma ku ɗauki murfin gwangwani ku lanƙwasa, ku miƙar, ku sake lanƙwasawa. Sau nawa zai yi kafin ya karye? Haka kunnuwan nan suke. Gyara na fari su jure, na biyu watakila, na uku sai a ɗaure agogo da waya ko ƙyalle.

Ta huɗu ita ce mafi muni: a dake kan ƙusa ta baje, ko a liƙe da gam, ko a narka roba ta kama 'yar'uwarta. Irin wannan ba ya buɗuwa sai da ɓarna. Mai gyara zai juya shi, ya duba, ya miƙo muku abinku. Ba ƙyuya ba ce. Ya san ladan aikin ba zai kai wahalar ba, in kuwa ya fasa, shi za a zarga. Ga inji lafiyayye a ciki, ɗigon mai kaɗai yake nema, amma gidansa ya kashe shi. Mu dai a ganinmu wannan ba araha ba ce. Wanda ya sayi irinsa sau uku ya biya kuɗin mai kyau guda, ba shi kuma da ko ɗaya.

Bayan rufi, sai hudojin gida. Ku juya agogo ku ƙirga su: biyu na wani, ɗaya na gyara lokaci, ɗaya na sa ƙararrawa, ɗaya na tsai da ita, da tsagar daidaita gudu. Kowace huda ƙofar ƙura ce. Gida mai kyau hudojinsa daidai sandunan suke, ba sa yin gaɓa-gaɓa. Waɗansu ma an yi wa tsagar daidaita gudu ɗan murfi mai zamewa. Agogo mai ƙararrawa biyu a ka yana da ban sha'awa, yana kuwa da ƙara, amma dole a tsaga gidansa daga bisa don guduma ta fito, ƙura kuwa daga bisa take sauka. In irinsa gare ku, ku riƙa rufa masa ƙyalle da rana.

Gilashin fuska shi ma abin dubawa ne. In zobe ne ya riƙe shi, ran da ya fashe a cire zobe a sa wani. In an liƙe shi ne, ko kuwa shi da gidan abu guda ne, fashewarsa fashewar gida ce. Game da jikin gidan kuma, ƙarfe in ya loɓa ana buga shi ya miƙe. Roba in ta sha zafi ta tsufa sai ta tsage, ramin notinta kuma ya cinye, noti ya riƙa juyawa ba ya kamawa.

Ba agogo kaɗai ke da wannan hali ba. Dubi fitilar ƙwai: a danna ƙarfe, ƙwan ya ɗaga, a goge, a mayar. Dubi keken hawa: babu abin da sifana ba ta kwancewa a jikinsa, shi ya sa kowane ƙauye da mai gyaransa. Dubi keken ɗinki na dā, har hudojin sa mai aka yi masa. Waɗanda suka ƙera su sun tuna da mai gyara.

Kaɗan daga labarinsa

A 1787 wani mutumin Amurka, Levi Hutchins, ya yi wa kansa agogo mai ƙararrawa. Ƙarfe 4 na asuba kaɗai yake bugawa, domin lokacin tashinsa ke nan. A 1847 wani Bafaranshe, Antoine Redier, ya yi rajistar wanda mutum zai sa wa lokacin da ya ga dama. A 1876 kamfanin Seth Thomas na Amurka ya yi rajistar ƙarami na ajiyewa a bakin gado. Jamus ma ta shiga sana'ar. Kamfanin Junghans, wanda aka kafa a garin Schramberg a 1861, ya zama mafi girman masana'antar agogo a duniya a 1903.

Wanda ya fi shafar karatunmu shi ne Big Ben na kamfanin Westclox, a jihar Illinois ta Amurka, wanda ya shiga kasuwa a 1909. Masu ƙera shi suka ce, don me za a ɗora ƙararrawa a ka? Sai suka mai da bayan agogon kansa ya zama ƙararrawa. Babba ce, ƙararta da kauri, a ƙarƙashinta kuma ga wani murfi na ciki yana tsare inji. Da noti aka ɗaure shi. Har yau akwai na farko farkon nan da ke tafiya, sun haura shekara 100, domin ana iya buɗe su a wanke. Kamfanin ya buɗe masana'anta a Dumbarton, cikin Sikotilan, a 1948, ta yi aiki har 1988.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942, Amurka ta tsai da ƙera agogon ƙararrawa don a yi kayan yaƙi da ƙarfen. Ma'aikata suka yi ta makara. Tilas aka sake ba da izini. Westclox ya fito da wani mai suna Waralarm, gidansa na dusar katako da aka matse. Inji na ƙarfe, gida na dusa.

Daga baya na ƙasar Sin suka cika kasuwanni, har da mai hoton kaza a fuska, tana tsattsagar hatsi da kowane bugu. A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da agogon hannu na batir irin wanda ya game duniya yanzu. Tun daga nan agogon wani ya yi ta ja da baya, masu gyaransa ma suka ragu.

Gargaɗi biyu

Na fari, sifirin. Sifirin da aka yi wa wani yana da ƙarfi, bakinsa kuma da kaifi. Cire murfin baya don a duba ba kome. Amma kada kowa ya kwance notin da ke riƙe faranti biyun nan alhali da sauran wani. Sifirin zai fizge, ya watsa giya, ya karya haƙora, yana iya yanke yatsa ko ya sami ido. Mai gyara sai ya sassauta shi a hankali tukuna.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Waɗansu tsofaffin agogo an shafa wa lambobinsu da hannuwansu fenti mai haske cikin duhu. Tun daga wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya har 1960 da 'yan kai, ana haɗa fentin nan da wani sinadari mai suna radiyam. Guba ne. A garin Ottawa na jihar Illinois akwai wani kamfani, Radium Dial, inda 'yan mata ke shafa fentin a fuskokin agogo. An koya musu su riƙa lasar bakin burushi don ya yi tsini. Radiyam ya shiga ƙashinsu. Haƙoransu suka zube, muƙamuƙansu suka ruɓe, da yawa suka mutu da ƙuruciyarsu. Ɗaya daga cikinsu, Catherine Donohue, ta ci shari'a a 1938, ta kuwa rasu a shekarar.

Fentin nan in ya tsufa yana daina haske, ya koma ruwan ƙasa, amma gubar tana nan. Sai bayan shekara 1,600 rabin ƙarfinta ke tafiya. Agogon yanzu ba a sa musu radiyam, sai dai ido ba ya iya rarrabewa tabbas. Saboda haka in kuna da tsohon agogo mai irin fentin nan, kada ku kankare shi. Kada ku hura fuskar da baki. In gilashinsa ya fashe, kada a ba yara su yi wasa da shi. Wanda ya taɓa fuskar ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci ko goro. A nan ma kun ga fifikon gidan da ke barin mai gyara ya kai ga inji ta baya, fuska tana rufe a bayan gilashinta.

Harafi biyu da za su ruɗe mu

Tun da muna koyon karatu, ga amfaninsa nan kusa. A bayan agogo, wajen tsagar nan, za ku ga ɗan tsinken ƙarfe, da harafi a kowane gefe: F da S. Mai sabon karatu zai ce S sauri ke nan. A'a. Ba da Hausa aka rubuta ba. S na nufin a rage gudu, F na nufin a ƙara. Waɗansu agogo alamar lissafi suke sawa: + don ƙari, − don ragi. Tsinken nan yana rage tsawon ɗan sifirin mai kama da gashi, ko ya ƙara. In ya gajarta, agogo ya yi sauri. In ya yi tsawo, ya yi sanyi.

A ce agogonku yana wuce lokaci da minti 2 kullum. Cikin kwana 7 ya wuce da minti 14. Cikin kwana 30, awa guda cur. Sai ku tura tsinken wajen S, kaɗan ƙwarai, kamar kaurin zare. Ku gwada da rediyo washegari a lokacin labarai. In bai isa ba ku ƙara kaɗan. Wannan gyara ba ya bukatar buɗe gida, in dai an yi tsagar a waje. Agogon da sai an buɗe shi kāna a daidaita gudunsa, an ƙware mai shi.

Ku lura kuma da 'yar kibiya kusa da kowane makulli. Inda ta nuna, can ake murzawa. Na sa ƙararrawa musamman, kada a komar da shi baya. Makullan wani kuwa galibi in aka murza su saɓanin kibiya kwancewa suke yi. Ba lalacewa ba ce. Da gangan aka yi haka don murfin baya ya sami hanyar fita.

Ran saye

In Allah ya hore muku za ku saya, ko a nan Darki, ko a Wudil, ko a Kurmi ko Sabon Gari a Kano, kada fuska ta ruɗe ku. Ku juya shi ku dubi baya. Akwai noti? Wane irin kai gare shi? Hudoji a matse suke? Gilashi da zobe? Ku yi masa wani kaɗan ku saurara a tsaye, ku saurara a kwance. Mai lafiya ba ya sake murya ƙwarai.

In na hannu ne, abin da ya fi shi ne ku roƙi mai shi ku je wurin mai gyara tare. Ga yadda maganar za ta kasance:

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Malam."

"Yauwa, sannu Alhaji. Me aka kawo mana?"

"Agogo nake ciniki. Don Allah duba mini, yana buɗuwa?"

"Yana buɗuwa, noti uku ne. Ka ga, an taɓa wanke shi ma."

"In sifirinsa ya tsinke fa, ana samu?"

"Irin wannan ina da matattunsa a akwati, sai in cire in sa maka."

Tambaya ta ƙarshen nan ku riƙe ta. Kayan gyaran agogon wani galibi daga jikin matattu ake samunsu yanzu. Agogon da irinsa ke da yawa a gari ya fi baƙo sauƙin gyara, kome kyan baƙon. Don haka kuma mataccen agogo ba na juji ba ne. A kai wa mai gyara, ko ya saya, ko ya rage muku ladan wani aiki.

Wannan magana ta kai har gaban hukuma a waɗansu ƙasashe. A Janairu 2021, Faransa ta tilasta wa mai sayad da wayar hannu, ko talabijin, ko injin wanki, ya nuna makin sauƙin gyaransa, daga 0 zuwa 10, mai saye ya gani kafin ya biya. Daga Maris na shekarar, Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera firiji da injin wanki su tanadi kayan gyara na shekara 7 zuwa 10, su kuma yi su yadda za a kwance da kayan aiki na yau da kullum. A 2024 ta ƙara wata doka a kan haƙƙin gyara. Abin da mai gyaran agogo na bakin kasuwa ya daɗe yana faɗa, shi ne suka rubuta.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen masu koyon ƙira. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Wudil, wadda aka buɗe a 2001, aka sa mata sunan Aliko Dangote a 2022. 'Ya'yanmu da ke can, da maƙeranmu, da masu walda, duk abin da za su haɗa mana, ko fitila mai caji ce, ko akwatin batirin sola, ko injin ban ruwa, roƙonmu su sa noti inda za a sa gam.

Aikin aji

Ran karatu mai zuwa, duk mai agogon wani a gida ya zo da shi, ko da matacce ne. Malam zai zo da sukudireba da farin ƙyalle na shimfiɗawa, kada noti ya ɓata cikin ƙasa. Murfin baya kaɗai za mu cire. Wanda ke da tsohon fenti a fuska za mu dube shi ta waje, ba za mu buɗe ba.

Kafin ran nan kowa ya rubuta amsar waɗannan a littafinsa:

1. Huda nawa ke bayan agogonku? Mene ne aikin kowace?
2. Da me aka rufe shi: noti, murfin turawa, kunnuwa, ko gam?
3. Agogo yana baya da minti 3 kullum. Da minti nawa zai yi baya cikin kwana 10? Wajen wane harafi za a tura tsinke?
4. Rubuta sunan abu 3 na gidanku da ake iya kwancewa a gyara, da abu 1 da ba ya buɗuwa sai an fasa.